Hoops Dynasty: Gem ɗin zawarcin 'yan ƙwallon kwando, da dalilin da ya sa idon koci ba ya kai wa ƙauye

A gidajen kallon ƙwallo na Saulawa, Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi, da an ce "zawarci" kowa ya san inda aka dosa: wata ƙungiya a Ingila ko Sifaniya ta ɗora ido a kan ɗan wasa, an fara ciniki, wanda ya fi kuɗi ya ɗauka. Haka abin yake a wayar duk matashin da ke buga Top Eleven ko Football Manager. Ɗan wasa yana da farashi, kai kuma kana da asusu.

Amma akwai wani nau'in gem da ake bugawa a intanet wanda babu saye babu sayarwa a cikinsa. Ɗan wasa ba shi da farashi. Sai dai a neme shi kamar yadda ake neman aure: a nuna kulawa, a je gida a gaida iyaye, a yi alƙawari, sannan a zauna jiran abin da zai ce. Wannan shi ne tsarin gem ɗin horar da ƙungiyoyin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen shi ne Hoops Dynasty na kamfanin WhatIfSports, wanda aka kafa a birnin Cincinnati na jihar Ohio.

Kafin a fahimci gem ɗin, sai an fahimci duniyar da yake kwaikwaya. A Amurka, jami'o'i ne babbar mahaifar 'yan ƙwallon kwando. Hukumar NCAA ta kasa makarantun zuwa rukuni uku. A rukunin farko kaɗai akwai jami'o'i sama da 350, kuma a kowane watan Maris zaɓaɓɓun ƙungiyoyi ne ke shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale da ake kira March Madness. A al'ada, ɗalibi kakar wasa huɗu yake da ita. Yana gamawa sai ya kama gabansa. Ke nan duk ƙwarewar koci, ƙungiyarsa tulu ce mai yoyo: kowace shekara wasu na fita, dole ya nemo yaran sakandare su cike gurbi. Kocin da ya iya tsara wasa amma bai iya zawarci ba, kwanansa a kan kujera ƙididdigagge ne.

Mai karatu zai iya tambayar me ya sa gem irin wannan ba ya zuwa da hotuna masu motsi kamar eFootball. A da akwai su. Kamfanin 2K ya fitar da College Hoops 2K8 a 2007, kamfanin EA kuma ya fitar da NCAA Basketball 10 a 2009. A wannan shekarar ce tsohon ɗan wasan jami'ar UCLA, Ed O'Bannon, ya kai ƙara kotu bayan ya ga an yi amfani da kamanninsa a gem ba tare da an ba shi ko sisi ba. Daga nan aka shafe sama da shekara 10 manyan kamfanonin ba su sake fitar da gem ɗin ƙwallon kwandon jami'a ba. Wasannin rubutu da alƙaluma irin su Hoops Dynasty da Draft Day Sports ne suka ci gaba da riƙe masoya, kuma 'yan wasan da ke cikinsu kwamfuta ce ke ƙirƙirarsu, don haka babu mai zuwa ya ce an ci haƙƙinsa.

Sai an biya kuɗin gani

Sabon shiga a Hoops Dynasty ba ya fara da babbar jami'a. Daga ƙaramar makaranta yake farawa, ya yi ta hawa da sakamako. An raba gem ɗin zuwa duniyoyi daban-daban masu ɗauke da sunayen fitattun mutanen wasan, irin su Naismith, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, da Wooden da Rupp da Knight. A kowace duniya wasu ƙungiyoyin mutane ne ke jan ragamarsu, sauran kuma kwamfuta.

Abin da ke fara ba sabon koci mamaki shi ne, idan ya buɗe shafin neman 'yan wasa, kusan fayau zai tarar da shi. Yaran suna nan, ɗaruruwansu, amma ba zai gan su ba sai ya biya. Ana ba shi asusu biyu na kuɗin cikin gem: ɗaya na leƙen 'yan wasa, ɗaya na zawarci. Girman asusun ya danganta da rukunin makarantarsa da yawan gurbin da yake son cikewa.

Da asusun leƙe zai iya sayen rahoton wata jiha baki ɗaya, ko ya biya kuɗin halartar sansanin gwaji na yanki, ko ya shirya nasa sansanin a harabar makarantarsa, ko ya tura mataimakinsa ya zaga. Sanin ɗan wasa kuma hawa huɗu ne. A hawan farko ba abin da koci zai gani sai suna, da gari, da ɗan bayani a dunƙule. Yana ƙara kashe kuɗi, labule yana ƙara yayewa, har a hawa na huɗu ya ga ainihin makin yaron a gudu, tsaro, jifa da sarrafa ƙwallo, tare da alamar inda zai iya bunƙasa da inda ya riga ya tsaya.

Nan ne gizo ke saƙa. Kuɗin ba ya isa a san kowa da kyau. Ko dai a san yara da yawa sama-sama, ko a san kaɗan ciki da waje. Kuma tura mataimaki nesa ya fi tsada. Sakamakon haka yawancin kocin da suka goge suna zana da'ira a kewayen makarantarsu, su zuba kuɗinsu a ciki. Yaron da ke wajen da'irar, komai hazaƙarsa, a wurin wannan kocin tamkar ba a haife shi ba.

Manomin tumatir a Ikara ko na rake a Maƙarfi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Dillali yana fara tsayawa ne a gonar da ke bakin titi. Wanda gonarsa ke can cikin lungu, bayan rafi, ko da kayansa sun fi kyau, sai ya ɗauko su da kansa ya kawo inda mota ke tsayawa, in ba haka ba su lalace a hannunsa.

Makin kulawa, ziyara da alƙawari

Bayan an gano yaro sai zawarci. Gem ɗin ba ya barin koci ya faɗo da tayin gurbin karatu kai tsaye. Akwai wani abu da za a iya kira makin kulawa, wanda ake ba kowane koci adadi ƙayyadadde, ya rarraba a kan yaran da yake so. Lokacin zawarci yana juyawa ne duk bayan awa 6, kuma a kowane zagaye makin da aka ɗora wa yaro yana taruwa. Sai ya taru zuwa wani mizani sannan ƙofofi ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya: tayin gurbin karatu, ziyarar gida, gayyatar yaro ya zo ya ga makaranta, da damar yi masa alƙawari.

Wanda ya taɓa rakiyar aboki zance zai gane tsarin nan take. Ba a fara da kai kuɗin aure. Sai an yi ta zuwa, an saba, gida sun san da kai. Kuma mai zuwa zance gida biyar a dare ɗaya, babu inda zai zauna har a kawo masa ruwa. Haka makin kulawa yake: a watsa shi a kan yara 15, babu ƙofar da za ta buɗe da wuri, a tara shi a kan yaro ɗaya, idan ya kuɓuce an tashi a tutar babu.

Ziyarar gida ita ce makami mafi nauyi da kuɗi ke saye, kuma farashinta yana hawa da nisa. Kocin da ke neman yaron garinsu zai iya zuwa sau da yawa da kuɗin da abokin hamayyarsa na nesa zai je sau kaɗan. An kuma yi wa yawan ziyarar iyaka, don kada mai babban asusu ya yi ta zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Gayyata zuwa makaranta kuwa sau ɗaya ce ga kowane yaro.

Alƙawari ba ya cin ko kwabo, shi ya sa ya fi komai haɗari. Koci zai iya yi wa yaro alƙawarin zai riƙa fara wasa da shi, ko zai ba shi mintuna kaza a kowane wasa. Wannan yana ɗaga darajarsa a idon yaron sosai. Amma gem ɗin ba ya mantuwa. Idan kaka ta zo aka ajiye yaron a benci, zai iya fushi, ƙwazonsa ya ragu, ko ya tattara kayansa ya bar makarantar. Da yawa daga cikin sababbin shiga a nan suke cin tuwon da ya fi ƙarfin bakinsu: su yi wa yara uku alƙawarin wuri ɗaya.

Sannan kowane yaro da irin ra'ayinsa. Wani yana son kusa da gida, wani yana son ya yi nisa. Wani ƙungiya mai cin kofi yake so, wani wadda ake sake ginawa don ya samu wasa. Akwai mai duba salon wasa, mai duba ƙarfin gasar da makarantar ke ciki, da mai duba ko kocin ya daɗe a wurin. Idan halin makarantar ya dace da ra'ayin yaro, kowace ziyara tana ƙara nauyi. Idan bai dace ba, ana shuka ne a kan dutse. A saman duk wannan akwai martabar makaranta, wadda ake aunawa da haruffa kamar sakamakon jarrabawa. Ziyara ɗaya daga makaranta mai babbar martaba ta fi ziyarar ƙaramar makaranta amo.

Ƙuri'ar da ke tayar da jijiyar wuya

A tsohon tsarin gem ɗin, abin kusan gwanjo ne: wanda ya fi zuba ƙoƙari shi ke ɗauka, kuma manyan makarantu sukan kwashe duk fitattun yara. A 2016 kamfanin ya sake fasalin zawarcin gaba ɗaya. Yanzu ana nuna matsayin kowace makaranta a zuciyar yaro hawa biyar, daga ƙasa sosai zuwa sama sosai. Duk makarantar da ta kai hawa biyu na sama tana cikin takara. Idan lokacin sa hannu ya yi, kwamfuta tana jefa ƙuri'a, tana ba wanda ke gaba kaso mafi girma, amma ba ta ba shi tabbas ba.

Ma'ana, koci zai iya kashe kusan dukan asusunsa a kan yaro ɗaya, yana kan gaba, ya wayi gari ya ga yaron ya tafi wurin wanda ke biye da shi. Babu abin da ya fi wannan ƙona ran masu buga gem ɗin, kuma wasu tsofaffin hannu sun yi ta ƙorafi a kai. Sai dai idan aka auna da kyau, sauyin ya fi kusa da gaskiya. Yaro ɗan shekara 17 ba na'urar lissafi ba ne. Kuma ƙuri'ar ce ta ba matsakaiciyar makaranta dalilin shiga takara da babba, maimakon ta janye tun kafin a fara. Abin da ta koya wa masu wayo shi ne kada a taɓa shiga faɗa ba tare da an ajiye yaro na biyu a gefe ba, wanda ake ɗan yayyafa wa makin kulawa ko da ta-kwana.

Lokacin sa hannu ma ya bambanta. Wani yaron da wuri yake yanke shawara, wani sai ƙarshe. Ƙaramar makaranta tana iya ɗora ido a kan yaron da ya fi ƙarfin rukuninta, amma ba zai amsa mata ba sai can ƙurarren lokaci, bayan ya ga manyan ba su zo ba. Kocinta yana zaune yana addu'ar kada wata babba ta farga a daren ƙarshe.

Daga Zariya zuwa Toronto

Wannan matsala ta nisa da tsadar gani ba a cikin gem kaɗai take ba, kuma Zariya, babban birnin da mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan ke shiga karatu da asibiti da kasuwa, tana da labarin da ya fi kowane dacewa da ita.

A Zariya Masai Ujiri ya tashi. An haife shi a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi yana ƙarami, kuma sai da ya kai kimanin shekara 13 ya fara ƙwallon kwando. Garin yana da sa'ar da ƙauyukan kewaye ba su da ita: Jami'ar Ahmadu Bello da filayenta, da kuma Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a can. Duk da haka, babu wata babbar jami'ar Amurka da ta aiko a ɗauke shi. Ya je Seattle ya yi sakandare, sannan ya samu wuri a Bismarck State, ƙaramar kwalejin shekara biyu a jihar North Dakota. Bayan ya buga wasa na wasu shekaru a Turai, a 2002 ya fara aikin leƙen 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiyensa da kansa. A yaren gem ɗin, shi ne mataimakin da ake turawa nesa, sai dai daga aljihunsa asusun leƙen ke fita.

Daga nan ya koma Denver Nuggets, ya zama babban manajanta a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugaban ƙungiya na NBA a 2013, kuma ƙungiyar Toronto Raptors da ya gina ta ci kofin NBA a 2019. Tun a 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ke shirya sansanonin horo da gina filaye a ƙasashen Afirka. Sansani kuwa, a gem ko a zahiri, aikinsa ɗaya ne: tara yara da yawa a wuri ɗaya don kuɗin ganin kowanne ya sauko.

Labarin Hakeem Olajuwon ma haka yake. Ɗan Legas ne mai tsaron raga da ƙwallon hannu, kuma a wata gasar makarantu da aka yi a Sakkwato ya fara wakiltar makarantarsa a ƙwallon kwando. Ya isa Jami'ar Houston a 1980 bisa shawarar wani koci da ya gan shi a Afirka, ba tare da kocin Houston, Guy Lewis, ya taɓa ganin wasansa ba. Babu ma wanda ya je tarbarsa a filin jirgi, tasi ya hau zuwa makarantar. Shekara huɗu bayan haka shi aka fara ɗauka a zaɓen NBA na 1984. A 2020 kuma, Precious Achiuwa da Udoka Azubuike, dukansu haifaffun Najeriya, sun shiga zagayen farko na zaɓen bayan sun buga wa jami'o'in Memphis da Kansas. Dukansu sai da suka fara yin sakandare a Amurka, wato suka shiga cikin da'irar, sannan manyan jami'o'i suka yi rububinsu. Makarantar NBA Academy Africa da aka buɗe a ƙasar Senegal a 2017 yunƙuri ne na matso da da'irar kusa.

Dogon yaro a Saulawa da bai taɓa taka filin siminti mai kwando biyu ba, bai ma kai hawan farko na leƙe ba. Kuma wannan giɓin ne 'yan damfara ke shiga. Saƙo ya shigo WhatsApp ko Facebook cewa wata jami'a a Amurka ta ga bidiyon yaro, a turo kuɗin fom ko na biza. A gem ɗin, kamar a zahiri, makaranta ce ke kashe kuɗin zawarci. Ɗalibin ƙetare da ke son buga wa manyan rukunan NCAA wasa yana yin rajista ne da cibiyar tantancewa ta hukumar, inda ake duba takardunsa na sakandare da tarihin wasansa.

Inda gem ɗin ya tsaya a baya

Akwai wurin da duniyar gaske ta wuce Hoops Dynasty. Gem ɗin an gina shi ne a kan zamanin da ɗalibi ba ya karɓar komai sai gurbin karatu. A watan Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rumbun sauya sheƙa na intanet, inda ɗan wasa ke sa sunansa idan yana son barin makaranta. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Zawarcin gaske yanzu ya fara kama da kasuwar Turai da 'yan gidan kallo suka sani. Ɗaliban ƙetare, ciki har da 'yan Najeriya, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin bizar karatu ta F-1 ta taƙaita irin aikin kuɗin da za su iya yi a cikin Amurka.

Ga mai son gwadawa, gem ɗin a burauza ake buga shi, kuma tunda kusan duk rubutu ne da alƙaluma, ba ya cin data kamar wasannin bidiyo, ƙaramar wayar Android ma tana buɗe shi, ko da yake jadawalin 'yan wasa ya fi daɗin karantawa a kwamfuta. Ba kai ke jefa ƙwallo ba. Kana tsara dabaru ne, kwamfuta ta buga wasan, ka zo ka karanta sakamako. Da Turanci yake gaba ɗaya, kuma da dala ake biyan kuɗin kowace kaka, don haka sai mai katin banki da ke aiki a shafukan ƙetare. Agogonsa na gabashin Amurka ne, wanda Najeriya ke gaba da shi da awa 5 ko 6 gwargwadon lokacin shekara. Tunda zagayen zawarci huɗu ne a yini, dole ɗaya ya faɗo cikin dare. Wanda ke garin da wutar lantarki da sabis ke yi wa wasan ɓuya gara ya raba makinsa ya aika ziyarorinsa tun da magariba, kafin caji ya ƙare.